Dabino: Hajar da Ta Girmi Iyaka

'Yan uwa, a wannan biki na zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, ya dace mu waiwayi hajar da kakanninmu suka daɗe suna fatauci da ita, wato dabino.

Dabino itace ne na dausayin hamada, mai son zafin rana a kai da ruwa a gindi. Akwai namiji akwai mace, kuma sai mai lambu ya hau ya yi musu barbara da hannu kafin su yi 'ya'ya sosai. A Nijar an fi samun sa a Kawar, wajen Bilma da Dirku, da Fashi, da Ingal, da lambunan Abzin irin su Timiya.

Da kaka, ayarin Abzinawa kan ratsa Tenere da gero, su musanya shi da gishirin kantu da dabino. Daga nan su gangaro Damargu da Damagaram har Kano, su koma da hatsi da tufafi. Bature Heinrich Barth ya biyo irin wannan ayari a ƙarshen 1850, ya shiga Kano a farkon 1851. A lokacin babu kwastan, babu duwan, sai dai fito da ake biyan sarakuna. Madugu ke jan tafiya, fatoma ke saukar da baƙo, ya tsaya masa a ciniki. Sai daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka, a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906.

Farin 1973 da 1974 ya kashe raƙuma masu yawa, manyan motoci suka karɓi galibin dakon. Yau dabinon Aljeriya ma kan biyo ta Asamaka da Arlit da Agadas, ya ƙetara ta Maigatari ko Jibiya ko Illela. Bukatarsa ba ta ragu ba: da shi ake buɗa-baki, ana raba shi da goro a ɗaurin aure da suna, ana zuba shi a kunun aya, ganyensa kuma a saƙa tabarma.

Mun ga abin da rufe iyaka ke yi. Nijeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har Maris na 2024. Busasshen dabino yana jure jira, amma bashi ba ya jurewa. Waɗanda suka tsira da jarinsu su ne masu amintaccen abokin ciniki a ƙetare, wanda ya ajiye kaya, ya yi haƙurin biya.

Aikin fatoma ke nan, kuma yau ya dawo wuyan ƙungiya. Don haka mu cika mudu, kada mu cakuɗa tsohon dabino da sabo, mu rubuta kowane bashi gaban shaidu. Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya sa albarka a nemanmu, amin.