Maganin mura da tari: abin da ya kamata a sani kafin a sha

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta taso da ƙura, mura da tari kan cika gidaje a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Yawancin mutane ba sa zuwa likita saboda mura. Sukan sayi ƙwaya a farmasi ko a wurin mai talla. Sai dai maganin da ake samu ba tare da ordonansi ba yana iya yin illa idan ba a san ƙa'idarsa ba.

Mura kan wuce da kanta

Ƙwayoyin cuta na birus ne ke haddasa mura, kuma takan wuce cikin kwana 7 zuwa 10. Magungunan mura ba sa kashe birus. Aikinsu rage masassara, ciwon kai da toshewar hanci kafin jiki ya murmure. Antibiyotik kamar amoksisilin ba shi da tasiri a kan birus, kuma shansa barkatai na sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske.

Parasetamol: a lura da jimilla

Babba mai nauyin kilo 50 ko fiye zai iya shan miligaram 500 zuwa garam 1 a lokaci guda, da tazarar awa 6, kada ya wuce garam 3 a rana sai da izinin likita. Ga yaro, nauyinsa ake dubawa: miligaram 15 a kan kowane kilo, duk awa 6. Yaro mai kilo 10 ke nan miligaram 150 zai sha.

Haɗarin yana cikin haɗa magunguna. Doliprane, Efferalgan da Dafalgan duk parasetamol ne da sunaye daban-daban. Fervex, Dolirhume da Mixagrip su ma suna ɗauke da shi. Wanda ya sha Doliprane na garam 1 sau 3 ya riga ya cika ma'auninsa. Idan ya ƙara Fervex ƙunshi 3, kowanne da miligaram 500, ya kai garam 4 da rabi bai sani ba. Yawan parasetamol na lalata hanta, kuma a kwanan farko mutum na iya ganin lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya zarce ma'auni ya tafi asibiti nan take, kada ya jira alama. Mai ciwon hanta kuwa ya tambayi likita kafin ya fara sha.

Masu buɗe hanci da masu sa barci

Wasu ƙwayoyin mura na ɗauke da sinadarin pseudoéphédrine, wanda ke buɗe hanci ta hanyar matse jijiyoyin jini. Yana iya tayar da hawan jini, a wasu lokuta ƙalilan har ya jawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mace mai ciki ko mai shayarwa, da yaro ɗan ƙasa da shekara 15, su guje shi. A Faransa, tun watan Disamban 2024 ba a sayar da waɗannan ƙwayoyi sai da ordonansi.

Wasu kuma, kamar Fervex, suna da sinadarin da ke tsayar da majina amma yana kawo gyangyaɗi. Direbobi da 'yan kabu-kabu kada su sha shi lokacin aiki.

Aspirin da ibuprofen

Ba a bai wa yaro mai mura aspirin, domin yana iya jawo wata cuta mai tsanani da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisanci aspirin da ibuprofen. Mace mai ciki kada ta sha su sai likita ya ce, kuma daga wata na 6 an hana su gaba ɗaya.

Siro da yara ƙanana

Kada a bai wa yaron da bai kai shekara 2 ba siron tari sai da umarnin likita. A wanke masa hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa a farmasi, a ci gaba da ba shi nono. Zuma na sauƙaƙa tari, amma ba a bai wa jaririn da bai cika shekara 1 ba. A auna siro da ma'aunin da ke cikin kwalin, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Siro mai kodin yana rage numfashi kuma ana kamuwa da jarabarsa. Najeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018.

Inda ake saye

Ƙwayar da ta yini a rana a kan faifan mai talla tana iya lalacewa, kuma sau da yawa babu kwali balle ranar ƙarewar aiki. A 2022 yara kimanin 70 sun rasu a Gambiya sakamakon lalacewar ƙoda, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta da wasu siro na tari da aka shigo da su daga Indiya, masu ɗauke da sinadari mai guba. A farmasi, a faɗa wa mai sayarwa shekarun maras lafiya, cututtukan da yake da su da magungunan da yake sha.

Yaushe za a tafi likita?

Parasetamol na sauke masassara ko da ta cizon sauro ce, sai cutar ta ɓuya tana ci gaba. Saboda haka yaro ko mace mai ciki da jikinsu ya yi zafi, a kai su CSI mafi kusa a yi gwajin jini. A gaggauta zuwa idan an ga:

- zafin jiki ga jaririn da bai kai wata 3 ba;
- numfashi da sauri ko da ƙyar, ko haƙarƙarin yaro yana lotsawa;
- ƙagewar wuya da ciwon kai mai tsanani, alamar sanƙarau da kan ɓulla a lokacin rani;
- farfaɗiya, ko yaro ya kasa sha ko kama nono;
- masassarar da ta wuce kwana 3.

Tarin da ya kai mako 2 kuwa yana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda ake bayar da maganinsa kyauta.