Yadda Mutanen Schönau Suka Sayi Wayoyin Wutarsu

Schönau ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Jamus, cikin tsaunukan da daji ya lulluɓe, kusa da iyakar Siwizalan. Mutanensa ba su kai 3,000 ba. A watan Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chanobil ta fashe, iska ta kwaso ƙurar guba har kudancin Jamus, aka gargaɗi iyaye game da madara da ganyen lambu. Wasu iyayen garin suka haɗu suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Ursula Sladek, tsohuwar malamar makaranta mai 'ya'ya biyar, da mijinta Michael, likita.

Sun fara da abin da ke hannunsu. Suka riƙa shirya gasar tsimin wuta tsakanin gidaje, suka taimaka aka farfaɗo da ƙananan injinan ruwa da aka yi watsi da su. Nan suka ci karo da gaskiyar lamarin: samar da wuta daban, shigar da ita kan layi daban. Turaku da wayoyi da taransifomomin garin duk na kamfanin lantarki na KWR ne, shi ke yanke shawara kan wutar da za ta shiga da farashin da zai saye ta, kuma shawarwarinsu ba su shiga kunnensa ba.

A 1990 kamfanin ya nemi a sabunta masa izinin rarraba wuta na shekara 20 tun kafin tsohon ya ƙare, ya yi wa majalisar gari tayin ƙarin kuɗi. Mutanen suka yi karo-karo suka ce za su biya garin daidai wannan kuɗin, a dai jinkirta. Majalisa ta ƙi, ta bi kamfani. Sai suka tilasta ƙuri'ar raba gardama a watan Oktoban 1991, suka soke hukuncin.

A 1994 suka kafa kamfaninsu, EWS, ɗaruruwan mutane suka sa hannun jari. Shekarar da ta biyo baya majalisa ta ba su izinin. Wannan karon masu adawa ne suka kira ƙuri'a, suna tambayar yadda likita da malamar makaranta za su riƙe wutar gari ba ta ɗauke ba. Tambaya ce mai kan gado, kuma ta raba kan maƙwabta. A watan Maris na 1996 EWS ya tsallake da kashi 52 cikin ɗari da 'yan ɗoriya.

Saura cinikin layin, kuma nan ne abin ya fi tsanani. KWR ya ce layin garin mak miliyan 8.7 ne a kuɗin Jamus na lokacin, ƙwararren da mutanen suka ɗauko ya ce miliyan 3.9. Da sun garzaya kotu, da shari'a ta cinye shekaru, layin yana hannun mai shi, zuciyar magoya baya tana sanyi. Sai suka zaɓi su biya tukuna bisa sharaɗin za su kai ƙara daga baya. A ganina wannan ne mataki mafi hikima a duk gwagwarmayar. Bankin GLS na Bochum ya buɗe asusu, wani kamfanin talla ya yi musu yekuwa kyauta, gudummawa ta riƙa zuwa daga sassan Jamus. Da idon duniya ya dawo kansa, KWR ya sauko ƙasa da miliyan 6. Ranar 1 ga Yuli 1997 layin ya koma hannun mutanen gari. Bayan shekaru shari'a ta tabbatar an tsawwala musu, aka mayar musu da rara.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Wanda ya ɗora farantan sola a rufinsa, ko ya sa ƙaramin injin da ke ba da wuta da ɗumi tare a ƙasan gidansa, ya sami mai saye a farashin da zai fitar da shi. Har rufin cocin garin ya sha faranti. A 1998 Jamus ta sakar wa kasuwar lantarki mara, bayan haka EWS ya fara sayar da wutar da ba ta nukiliya ba ga gidaje a faɗin ƙasar. A 2009 ya koma ƙungiyar gama kai, kowane mamba da ƙuri'a ɗaya komai yawan jarinsa. A 2011 aka ba Ursula Sladek lambar yabo ta Goldman ta kare muhalli.