Gidan Little: Daga Jojiya Zuwa Niyok, Zuriya Huɗu da Gobara Uku

Da wuya a sami mai karatu a cikinmu da bai taɓa jin sunan Malcolm X ba. To amma shi ma ɗan wani ne, kuma kakan wani. Tarihin gidansu tarihin baƙi ne masu neman wurin zama a ƙasar da ake ce musu ba tasu ba ce.

Mahaifinsa, Earl Little, an haife shi a 1890 a garin Reynolds na jihar Jojiya, kudancin Amurka, inda a zamanin baƙar fata bai isa ya ɗaga ido ya kalli Bature ba. Mai wa'azin Kirista ne, kuma ɗan gani-kashe-nin ƙungiyar Marcus Garvey, wadda ke kiran baƙaƙe su tsaya da ƙafarsu su tuna da Afirka. Mahaifiyarsa Louise kuwa 'yar tsibirin Girenada ce. Kakanninta, Jupiter da Mary Jane Langdon, daga Afirka ta Yamma aka sato su, sojan ruwan Ingila suka ƙwace su daga jirgin bayi suka sauke su a tsibirin. Ta tafi Kanada a 1917, can ta haɗu da Earl a harkar Garvey, aka ɗaura aure a 1919.

Daga nan sai yawo. Filadalfiya, sai Omaha a jihar Nebraska, inda aka haifi Malcolm ran 19 ga Mayu 1925, na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. 'Yan Ku Klux Klan suka matsa musu lamba, suka tashi zuwa Milwaukee, daga can sai Lansing a jihar Mishigan. A nan Earl ya sayi gida da kuɗinsa. Ashe cikin takardar filin akwai sharaɗin cewa farar fata kaɗai zai zauna. Aka kai shi kotu, kotu ta ce ya tashi. Kafin su tashi, a Nuwamban 1929, gidan ya ƙone ƙurmus cikin dare. Duk wanda ya taɓa gina gida a garin da ba na kakansa ba, ya san nauyin wannan magana.

A Satumban 1931 aka tsinci Earl a kan hanyar taragon cikin gari, ya taka shi. Hukuma ta ce haɗari ne. Iyalinsa suka ce ƙarya ne, 'yan wata ƙungiyar Turawa mai suna Black Legion ne suka kashe shi. Kamfanin inshora guda ya ƙi biya, wai kashe kansa ya yi. Ka ji fa! Louise ta yi shekara bakwai tana fama da yara cikin tsananin talaucin shekarun 1930, ma'aikatan jin daɗin jama'a na sintiri gidanta suna ƙirga mata laifi. A ƙarshe aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na Kalamazoo, aka rarraba yaran gidajen mutane. Matar da ta taɓa aika rahoto jaridar Garvey, Negro World, sai 1963 'ya'yanta suka fito da ita, bayan shekara 24. A ganina nan ne aka fi zaluntar gidan, domin ita babu wanda ya yi mata zanga-zanga.

Abin mamaki, zumunci bai yanke ba. Yayarsa ta wajen uba, Ella Collins, ta karɓi Malcolm a Bostan a 1941. Da ya shiga kurkuku a 1946 saboda fasa gidaje, 'yan uwansa ne, su Philbert da Reginald, suka yi ta rubuto masa wasiƙu kan ƙungiyar Nation of Islam ta Elijah Muhammad. Ya fito a 1952 ya jefar da sunan Little, ya ce sunan mai bayi ne, ya sa X a gurbin sunan kakansa da ya ɓata. Ƙungiyar da ta haɗa su kuma ita ta raba su: da ya bar ta a Maris 1964, Philbert ya fito bainar jama'a ya yi tir da shi. Ella ce ta ba shi kuɗin hajji a wannan shekara. A watan Mayu ya zo Nijeriya, ya yi lacca a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa Omowale, wato ɗa ya dawo gida.

Shi ma gidan da yake ciki a Niyok ba nasa ba ne a takarda, na ƙungiyar ne, kuma kotu ta ce ya fita. Ran 14 ga Fabrairu 1965 aka jefa wa gidan wuta yana ciki da iyalinsa. Bayan mako guda, ran 21 ga wata, aka harbe shi a ɗakin taro na Audubon a gaban matarsa Betty da 'ya'yansa. Shekararsa 39. Betty na da cikin tagwaye. Biyu daga cikin mutum uku da aka ɗaure kan kisan, sai 2021 kotu ta wanke su.

Betty Shabazz ta riƙe 'ya'ya mata shida ita kaɗai, ta koma makaranta har ta sami digirin dakta a 1975, ta yi shekaru tana aiki a kwalejin Medgar Evers. Amma yarinyar da ta ga kisan ubanta tana shekara huɗu, Qubilah, ba ta sami natsuwa ba. Ɗanta, takwaran kakansa, ya koma hannun Betty. Ran 1 ga Yuni 1997, yana shekara 12, ya cinna wa gidan wuta. Betty ta ƙone sosai, ta yi mako uku tana jinya, ta cika ran 23 ga wata. Aka binne ta tare da mijinta a maƙabartar Ferncliff. Shi kuma yaron ya girma, ya yi hajji, aka kashe shi a birnin Meziko a 2013 yana da shekara 28.