Tseren da Ba a Karaya a Cikinsa

Direban motar tsere na gaske yana da abubuwa biyu da ke riƙe masa ƙafa: tsoron karaya da tsoron kuɗin gyara. Mu da muke tsere a kwamfuta, da sitiyari ɗaure a bakin tebur, ba mu da ko ɗaya. Ka ragargaza mota a kwanar farko ta Monza, ka danna maɓalli, wata ta fito sabuwa fil. Tun farkon wannan harka, neman abin da zai maye gurbin tsoron nan muke yi.

Lokacin da kamfanin Papyrus ya fitar da Grand Prix Legends a 1998, mai kwaikwayon motocin Formula 1 na 1967, ba mu da yawa. Motocin suna da wuyar riƙewa, intanet kuwa ta layin tarho ce, har motar da ke gabanka takan ɓace ta sake bayyana a gefenka. Muna haɗuwa ta dandalin intanet na VROC, daga nan ƙananan ƙungiyoyi suka tsiro, kowace da ranar tserenta. Dokokin da suka fi ƙarfi ba a rubuce suke ba. In ka bugi mutum ya juya, sai ka sassauta ka jira shi ya wuce, ko da za ka koma na ƙarshe. In motarka ta ƙwace, ka danne birki don na baya su san inda za ka tsaya. In ka faɗa ciyawa, kada ka dawo kan titi sai ka duba. Tsoro na daji, kunya na gida: mutanen da ka ɓata wa dare su ne za ka tarar mako mai zuwa.

Da jama'a suka yawaita, kunyar ta daina isa. Dave Kaemmer na Papyrus da John Henry, mai ƙungiyar Boston Red Sox, suka kafa iRacing, aka buɗe shi ga kowa a 2008. Suka ce kowa ya yi tsere da sunansa na gaskiya, kuma za a ƙirga masa kurakurai: fita daga titi maki ɗaya, juyawa ko dukan bango biyu, karo mai ƙarfi da wata mota huɗu. Da wannan lissafi ake hawa daga lasisin ɗan koyo zuwa D, C, B har A. Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne na'urar ba ta tambayar wa ke da laifi. Wanda ya buga da wanda aka buga duk huɗu-huɗu ne. Har gobe za ka ji sabon shiga yana cewa ai shi aka buga. Ni dai ina bayan wannan tsari, domin yana koya maka hango mai ganganci tun daga nesa ka ba shi wuri. Illarsa ita ce wasu sun koyi lallaɓawa a bayan kowa don tara maki, ba tare da sun taɓa koyon shiga kwana kafaɗa da kafaɗa ba.

Gran Turismo Sport na 2017 ya bi wata hanya: sai ka kalli bidiyo biyu na ladabin tuƙi kafin a bar ka shiga gasa, sannan na'ura ta yi ƙoƙarin gane mai laifi. Nan da nan masu wayo suka gano yadda ake jawo wa wani hukunci.

Sai annobar korona ta rufe filayen tsere a 2020, manyan direbobi suka shigo gidanmu. A watan Afrilu Bubba Wallace ya fusata ya fice daga tseren Bristol, kamfanin Blue-Emu ya janye tallafinsa. Mako guda bayan haka Kyle Larson ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata kowa yana ji, mai ƙungiyarsa Chip Ganassi ya sallame shi. A watan Mayu Simon Pagenaud ya kawar da Lando Norris yana kan gaba a Indianapolis, Daniel Abt kuma ya sa wani ƙwararren ɗan wasa ya tuƙa masa a gasar Formula E. Aka ci Abt tarar Yuro 10,000, Audi ta rabu da shi. Masu kare su suka yi ta cewa ai wasa ne kawai. Wannan magana ta fi karon kansa yi mana ciwo, domin a ƙungiyarmu ma'aikacin da ya sadaukar da darensa yana atisaye ba zai yi rabin haka ba ya tsira da kujerarsa.

Yau ƙungiyoyi masu tsari sun koma ga alƙalai 'yan adam. Da yawa ba sa karɓar ƙara sai an kwana, don zuciya ta huce; sannan mutum biyu ko uku su kalli maimaicin tseren ta cikin kowace mota, su duba wa ya riga kai hanci kwana, wa ya sauya layi yana kan birki. Aikin sa kai ne, ba ko sisi, kuma wanda aka hukunta ba ya godiya. Samun direba talatin su cika layin tashi ba ya ba mu wuya. Neman mutum uku da za su yarda su yi alƙalanci har ƙarshen kaka shi ne ke rushe ƙungiyoyi.