Hanyoyin samun gurbin digirin farko a fannin kasuwanci ga ɗaliban Potiskum

Potiskum ta yi suna a harkar saye da sayarwa, musamman saboda kasuwar shanunta, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi da sufurin manyan motoci. Wannan ne ya sa matasan garin da dama ke neman karanta fannin gudanar da kasuwanci ko akanta a jami'a. Sai dai yawan maki a jarrabawar JAMB kaɗai ba ya bai wa ɗalibi gurbi. Dole darussansa su dace da fannin, kuma ya bi matakan hukuma har ƙarshe.

Sakamakon sakandare

Sharaɗi na farko shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu. Cikinsu dole a samu Turanci da Lissafi, kuma galibin jami'o'i na neman darasin Tattalin Arziki. Saboda haka shiri na farawa ne tun daga zaɓen darussa a ajin farko na babbar sakandare. Wanda bai samu kiredit a Lissafi ba sai ya sake zama jarrabawar, komai yawan makinsa na JAMB.

Jarrabawar JAMB

An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun 2015 ake rubuta jarrabawarta da kwamfuta. Rajista na buƙatar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma ana yin ta ne a cibiyar da hukumar ta amince da ita. Darussa huɗu ake rubutawa a kan maki 400. Mai neman fannin kasuwanci kan ɗauki Turanci, Lissafi, Tattalin Arziki da ɗaya daga darussan zamantakewa ko na kasuwanci. A 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, amma kowace jami'a na da ikon ɗaga nata, kuma da yawa kan ƙara da tantancewarsu. Shekarun shiga jami'a su ne 16.

Jami'o'in da ke kusa

Mafi kusa ita ce Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda aka kafa a 2006. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gashua da aka kafa a 2013, sai Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'o'in tarayya na raba guraben ne kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa cikin waɗanda suka yi baya a ilimin boko, kuma Yobe na cikinsu. Don haka takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma na da muhimmanci. Jami'ar da ɗalibi ya sa a zaɓi na farko ita ce ta fi duba buƙatarsa.

Shiga kai tsaye

Wanda bai samu gurbi ta jarrabawar ba yana da wata hanyar a cikin garin. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum na bayar da shaidar NCE a fannin ilimin kasuwanci, kwalejin CAMTECH ta jihar kuma na bayar da difloma. Mai riƙe da NCE ko diflomar ƙasa ko sakamakon IJMB da makin da ake buƙata na iya sayen fom ɗin shiga kai tsaye daga JAMB, ya fara daga aji biyu, ya kammala cikin shekara uku maimakon huɗu.

Karɓar gurbi

Tun 2017 ake bayar da kowane gurbi ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB. Ɗalibi ne zai tabbatar an ɗora sakamakonsa na sakandare a kanta, domin ba a duba wanda babu sakamakonsa. Idan gurbi ya fito, shi ne zai shiga ya karɓa da kansa, sannan ya fitar da takardar shaidar samun gurbin. Duk gurbin da aka bayar a wajen manhajar hukuma ba ta san da shi ba, kuma mai shi na iya gama karatun shekara huɗu ya rasa sunansa cikin waɗanda za su tafi bautar ƙasa.

Ɗalibin da ya samu gurbi a makarantar gwamnati amma kuɗin rajista suka gagare shi na iya neman rancen karatu daga asusun NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024.