Ajiliti: yadda ake horar da ɗan kwikwiyo ba tare da an lahanta ƙashinsa ba

Ajiliti wasa ne da kare ke bin fili mai shingaye iri-iri da gudu, mai shi yana gefe yana yi masa jagora da murya da hannu, babu igiya a wuya, babu taɓawa. An fara nuna shi a shekarar 1978 a babban baje kolin karnuka na Crufts a Ingila, inda John Varley da Peter Meanwell suka shirya shi don ɗebe wa 'yan kallo kewa, suna kwaikwayon gasar tsallen dawakai. Daga nan ya bazu zuwa Faransa da sauran ƙasashen Turai da Amurka. A yau ƙungiyar karnuka ta duniya, FCI, mai hedikwata a garin Thuin na ƙasar Beljiyam, tana shirya gasar duniya ta wasan.

A filin gasa akwai sandunan tsalle, da bututun da kare ke ratsawa, da lilon katako, da siririyar gada, da wani katako mai siffar jinka da tsininsa ya kai mita 1.70. Akwai kuma sanduna 12 a jere, tsakanin kowace biyu santimita 60, waɗanda kare ke saƙawa hagu da dama. Manyan karnuka suna tsallake sanda mai tsayin santimita 55 zuwa 60. Duk wannan aikin ƙosasshen kare ne. A Ingila da Faransa ba a shigar da kare gasa sai ya cika wata 18, a ƙungiyar AKC ta Amurka kuwa wata 15.

Dalilin wannan ƙa'ida yana cikin ƙashi. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na ɗan kwikwiyo akwai wani faifan guringuntsi mai laushi, kuma daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wurin ya fi jijiyoyin da ke kewaye da shi rauni. Saboda haka faɗuwar da za ta sa babban kare targaɗe kawai, tana iya tsaga wannan guringuntsi a jikin ƙarami. In hakan ta faru, ƙashin na iya daina tsawo ko ya girma a karkace. A ƙafar gaba abin ya fi muni, domin ƙasusuwa biyu ne ke tafiya tare a ƙasan gwiwa: in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ci gaba, ƙafar sai ta lanƙwashe, kuma gyaranta sai da tiyata.

Guringuntsin yana zama ƙashi ne a hankali. Ƙananan jinsuna sukan gama kafin su cika shekara, manya kuma sukan kai wata 12 zuwa 18, mafiya girma har su doshi shekara 2. Fiɗiye kare da wuri yana jinkirta rufewar. Ido ba ya ganin wannan, kuma a nan masu karnuka da yawa ke ruɗuwa: kwikwiyo ɗan wata 8 yana iya kai tsayin uwarsa, yana ta zumuɗi, alhali ƙashinsa ɗanye ne. Hoton ƙashi a wurin likitan dabbobi ne kaɗai ke tabbatar da an rufe.

Wannan ba ya nufin a zauna jiran shekara. Mafi yawan abin da kare ke buƙata a ajiliti ana koyonsa ne a ƙasa. Tun yana ɗan wata 2 ko 3 yana iya koyon amsa kira, da zama, da jira, da bin hannun mai shi ta dama da ta hagu. Ana shimfiɗa sanduna a ƙasa ya riƙa tsallaka su da tafiya, don ya san inda ƙafafunsa na baya suke. Ana ajiye faffaɗan katako a ƙasa ya taka, daga baya a sa ɗan ƙaramin abu a ƙarƙashi don ya saba da motsi. Gajeren bututu miƙaƙƙe ba shi da haɗari. Minti 3 zuwa 5 sun isa zama ɗaya, da ɗan nama ko abin wasa a matsayin lada. Duka da tsawa ba su da wuri a nan, domin karen da ya tsorata da lilo sau ɗaya yakan daɗe yana gudunsa.

Abin da ake ɗagawa sai ƙashi ya ƙosa shi ne tsalle mai tsayi da maimaitawa, da saƙa sanduna 12 da gudu, wanda ke murɗa kafaɗa da gadon baya, da hawa gada ko jinka a cikakken tsayinsu.

A ƙasashen Sahel akwai ƙarin abin lura. Kare yana sanyaya jikinsa ne da haki, don haka horo sai da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwa a kusa. Yashi ko siminti da ya ƙona tafin hannun mutum zai ƙona dagin kare. Ƙasa mai tauri tana dukan gaɓoɓi, tayil kuma yana da santsi. Kafin a haɗa kwikwiyo da wasu karnuka, a tabbata ya kammala allurar riga-kafi, musamman ta cutar farbo mai sa gudawar jini, da ta haukan kare da akan yi daga wata 3.

Karen Azawak, na makiyayan iyakar Nijar da Mali, yana da dogayen ƙafafu da gudu kamar barewa, kuma yana cikin masu daɗewa kafin su ƙosa. Shi ma sai an yi masa wannan haƙurin. Ɗingishi, ko ƙin tsallen da ya saba yi, ko wahalar tashi bayan barci, alamu ne na a dakatar da horo a kai shi wurin likita.