Gwanar da ta koma ɗaliba a Suleja

A gidajen koyon judo da karate na Japan, sabon shiga farar ɗamara yake ɗaurawa, ya zauna a ƙarshen sahu, ya sa hannu a sharar ɗaki, ko da a garinsu shi zakara ne. Manyansu ma ba su tsira ba. Lokacin da Gichin Funakoshi ya bar Okinawa ya kai karate birnin Tokyo a 1922, ya haura shekara 50, ya kuma daɗe yana koyarwa a makaranta. Duk da haka a masaukin ɗalibai ya sauka, yana shara da gadi don ya samu wurin kwana.

Mutumin Suleja ba sai ya je Tokyo neman irin wannan labari ba. Ya zaro naira 20 daga aljihu, ya juya bayanta. Matar da ke duƙe kan tukunya ita ce Ladi Kwali, kuma a nan Suleja ta yi nata zaman na ƙarshen sahu.

An haife ta wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Wurin wata gwaggonta ta koya. Ba na'ura, ba komai: a murza yumɓu, a ɗora, a zagaya tukunyar ana shafewa, sannan a zana mata kunama, ƙadangare, kada ko kifi. Hannunta ya faɗa har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara randunanta. Wancan lokaci Abuja ake kiran garin Suleja. Sai bayan an zaɓi sabon babban birnin tarayya a 1976 ya bar sunan ya koma Suleja.

A gidan Sarki ne wani Bature, Michael Cardew, ya ga randunan a 1950, yana rangadin nema wa gwamnati wurin da za a kafa makarantar ginin tukwane. Shi kansa ya san ɗanɗanon almajiranci. Da digirinsa na Oxford ya tafi St Ives a 1923 ya zama yaron maginin tukwane Bernard Leach, yana kwaɓa yumɓu yana hura wuta. Leach kuwa a Tokyo ya durƙusa gaban wani tsohon magini tun 1911, kuma da ya koma Ingila a 1920, tare da abokinsa Shoji Hamada suka gina wurin aikin na St Ives. Idan aka bi salsalar malaman makarantar da Cardew ya buɗe a Abuja a 1952, sai an dangana da Japan.

Da farko maza zalla ake ɗauka. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

Tana da kusan shekara 30, sunanta ya kai fada, amma abin da ta tarar baƙo ne. A Kwali tukunya ce ke zaune, maginiya na zagaya ta. A nan maginiya ce ke zaune, faifai na juya yumɓu, kuma kafin hannu ya saba, curin yakan karkace ya zube. Ga haɗin ruwan ƙyalli da ake shafa wa kwanuka, ga murhun itace mai zafin da ya wuce digiri 1,200, ba irin toyin da ake yi da ciyawa a fili ba. Ta zauna cikin samari ta koyi kofi, faranti da butar shayi, ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta yar da na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu kamar yadda gwaggonta ta nuna mata, sai dai yanzu da sabon yumɓu, a shafe su da ƙyalli, a gasa a babban murhu. Cardew, wanda aka turo ya koyar, sai ga shi tsaye yana kallon yadda take fitar da cikin randa daidai ba tare da awo ba.

Aikin ya tsallaka teku. An baje kayan makarantar a Landan a 1958, 1959 da 1962, ta je Ingila ta gina tukunya a gaban jama'a, aka ba ta lambar girmamawa ta MBE. A 1972 suka zaga Amurka da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, lambar NNOM ta biyo a 1980. Ƙofar da ta buɗe kuma wasu mata suka bi, irin su Halima Audu da Asibi Ido. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, kuma makarantar tana ɗauke da sunanta.

Randunan da suka kai ta duniya suna da wani abin mamaki. Randar Gwari ta asali tana tsattsafo, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Waɗanda Ladi ta gasa a Suleja sun yi nauyi, ƙyalli ya toshe su, ba sa sanyaya ruwa. Yau wasunsu a gidajen adana kayan tarihi na Ingila da Amurka suke, cikin gilashi, da ƙadangarun Kwali a jikinsu.